Basillar Baba Zarami da Koren Allo

Guri, 14 ga Yuni, 1998

Zuwa ga Fannami ɗan Auta, a Kano.

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ka gaida mahaifiyarka Umma. Mu nan lafiya muke, in ban da gwiwata ta hagu da ke kumbura duk sanda hadari ya haɗo. An yi ruwan shuka sau biyu, kogi bai iso ba tukuna. Malam Filibus na firamare ne yake rubuta min wannan, kuma na gargaɗe shi ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara min magana.

Ni da ubanka 'ya'yan wa da ƙane ne, amma ka sani shekara goma sha huɗu ke nan ban nemi komai a gidanku ba. Yanzu ma 'yata 'Yar'azumi ce ta matsa. Mijinta ya rasu ya bar mata yara uku. Ofishin da take buga tafireta a Haɗejiya sun sallame ta, wai sun kawo kwamfuta. Ta daure ta koyi kwamfutar wata shida. Yanzu wata makaranta ta ce za ta ba ta aikin buga takardun jarrabawa in ta samu tata kafin ƙarshen Oktoba, in ba haka ba su ba wani. Shi ya sa na sayar da injin ban ruwana da jan bijimina. Ba ni da wani injin, ba ni da wani bijimin. Kuɗinsu ne Ɗanladi direba ya damƙa maka, tunda an ce aikin kwamfuta kake yi.

To, Ɗanladi ya dawo da maganar da ta hana ni cin tuwo. Ya ce, "Baba, yaron ya ce ba guda za a saya ba, tsintowa za a yi. Kai a wannan shago, ciki a wancan." Na ce ya maimaita. Ya maimaita.

Tsintowa! Da kuɗin injina? Ni da na sayi injin nan guda na saye shi, a cikin akwatinsa. Rediyona guda na saya. Ko jaki mutum zai saya, ai ba ya sayen kunne a Jahun ya je Kaugama neman ƙafa. Don ban yi boko ba shi ne za a haɗa min tarkace a ce min na'ura?

Abin da nake so ke nan. Ka shiga babban shago, ka nuna wadda ke cikin kwali ba a taɓa buɗewa ba, ka biya, ka ba Ɗanladi. In ba za ka iya ba, ka maido min da abina.

Babanka,
Zarami


Kano, 27 ga Yuni, 1998

Zuwa ga Baba Zarami.

Baba, na durƙusa ina gaisuwa. Allah ya sawwaƙe gwiwa, ya kawo kogi lafiya. Umma tana amsawa, ita ma tana fama da ido. Na ji daɗin ganin takardarka ko da faɗa ce, domin ita ce ta farko da ta zo gidan nan daga Guri tun ina ƙarami.

Baba, na shiga babban shagon. Kuɗinka ba su kai rabin ta cikin kwali ba, kuma ita ko firinta ba ta da shi, wato abin da ke fitar da rubutu a takarda. In na sayo ta, Yaya 'Yar'azumi za ta zauna tana kallon jarrabawa a gilashi, ba ta da hanyar miƙa wa makaranta.

Na tuna zuwana Guri ina ɗan shekara bakwai, na tarar da kai kana haɗa jirgin katako. Katakon ƙasa, wanda ke kwana cikin ruwa, sai da ka je Nguru ka zaɓo mai tsada. Na gefe kuwa ka ciro daga tsohon jirgi. Haka nake so in yi.

Akwai wani koren allo da komai ke hawa kansa. Shi ne katakon ƙasa, shi zan saya sabo. Ƙwaƙwalwar da za a ɗora masa zan ɗauki ta bara, ba ta bana ba, domin rubutu kaɗai Yaya za ta yi. Sai wasu 'yan sirara guda biyu da muke kira memori, in babu su na'ura rarrafe take yi, su ma sababbi. Rumbun ajiyar rubutu zan ɗauki ƙarami. Gilashin kallo na Kwatano ne, wato na hannu, na gwada shi yini guda bai yi rawa ba. Firinta mai allura zan saya na hannu, don shi ke huda sitansil, kuma makarantu da sitansil suke gurza jarrabawa. Dole kuma a sa sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta. Lasifika da abin sa faifai na cire su, ba waƙa za ta saurara ba. Akwatin da za a zuba kayan kuwa akwai wani tsoho a shagonmu, ya yi ja-ja amma lafiyarsa ƙalau, maigidana ya ce in ɗauka kyauta.

In ka amince, mako biyu sun isa.

Ɗanka,
Fannami


Guri, 12 ga Yuli, 1998

Fannami,

Ina gaisuwa. Gwiwa da sauƙi, na sha sassaƙe. Kogi ya iso ranar Talata, ya shanye hanyar fadama. Ka ce wa Umma ta daina zama kusa da hayaƙi.

Malam Filibus ya karanta min takardarka sau uku. Maganar jirgi na ji ta, kuma ba kai za ka koya min katako ba. Amma tsohon akwati? Kyauta? Wato 'yata za ta buɗe shago a tsakiyar Haɗejiya, mutane su shigo su ga abin da aka tsinto a bola, su ce ga abin da Zarami ya sayar da bijimi a kai. Ban roƙi maigidanka sadaka ba. Sabon akwati za ka saya, fari, ko da me za ka rage.

Sannan bari in faɗa maka abin da ba a faɗa maka ba. Shekarar fari, da kogin nan ya ƙi zuwa, injina ya tsaya. Na ɗora shi a mota na aika wa ubanka Auta, tunda shi makanike ne kuma ɗan'uwana. Gidanmu muna da shaida tun kakanni, zane uku a tsaye da ɗaya a gicciye. Tana jikin goran kamun kifinmu, tana jikin filafilai, tana jikin kowane jirgi. In ruwa ya tafi da kayanka har Gashuwa, da ita ake maido maka. Ran da na sayi injin nan na kwance shi, na sa wa kowane ƙarfe na ciki ita da kurfin maƙera. Da ya dawo daga hannun ubanka na buɗe. Fistin ɗin da ke ciki sumul, babu shaida. An cire nawa an sa wani. Ɗan'uwana na jini! Ya aiko da takarda daga baya, na ba direba ya mayar masa ban bari an buɗe ba. Me zan ji?

Yanzu ɗansa yana ce min sabon allo, sabon memori. Wa zai gani bayan an rufe akwati an ɗaure da kusa? Ka sayo kayan cikin nan, kada ka haɗa. Ka ba Ɗanladi ya kawo min in gansu da idona, in riƙe su a hannuna, sannan in maido maka. In ka ƙi, na san dalili.

Zarami


Kano, 2 ga Agusta, 1998

Baba,

Ina gaisuwa da fatan ruwa bai yi muku ɓarna ba. Muna lafiya.

Ga kayan nan cikin kwali kamar yadda ka ce. Na sayi farin akwatin, yana nan shago, shi ya cinye ɗan abin da na ware saboda tsautsayi. Maganar Baba Auta ba zan ce komai ba yanzu, ya riga mu gidan gaskiya.

Na ɗora takardar nan a saman kwali don a fara karanta maka ita. Don Allah, Baba, ka duba su ta cikin ledarsu. Kada a fito da koren allon da 'yan siraran nan biyu. Layukan da za ka gani a jikinsu kamar jijiya, hanyoyin wuta ne, sun fi gashi siranta. Ko farce ya karce ɗaya, an gama. In shaida kake so, kowanne yana da lamba a jikinsa, Malam Filibus ya kwafe maka a takarda ka ajiye.

Fannami


Kano, 21 ga Agusta, 1998

Baba Zarami,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, amma raina a ɓace yake, kuma gara in faɗa.

Ɗanladi ya kawo kwalin jiya. Na buɗe a gaban maigidana da abokan aiki. Baba, me na yi maka? Zane uku da ɗaya a gicciye a tsakiyar koren allo! A kan rumbu, a kan ƙwaƙwalwa, a kan memori ɗaya. Ɗayan ya tsira, ina jin ya maƙale ne a ƙasan kwali ba ka gan shi ba. Wani abokin aikina ya ɗaga allon ya ce, "Fannami, wannan kwamfuta ce ko ƙwarya?" Shago duk aka kwashe da dariya, ni kuwa hawaye ne ya cika min ido.

Na haɗa na kunna. Fanka ta juya, gilashi baƙi ƙirin. Rumbu da ƙwaƙwalwa sun tsira don murfinsu ka karta. Allon kuwa ka yanke masa hanyoyi tara. Na mayar wa mai shagon, ya kalla ya ce in fita masa da shi.

Ba a karanta maka takardata ba ne, ko an karanta ka ƙi ji? Babu sauran kuɗin wani allon. Ƙarshen Oktoba saura wata biyu. Ni ban san abin da zan gaya wa Yaya 'Yar'azumi ba, sai dai kai ka gaya mata.

Fannami


Guri, 10 ga Satumba, 1998

Fannami,

Na amsa gaisuwar da ka yi a tsaye. Lafiya muke. Ruwa ya ci gonar shinkafa ta ƙasa, ya bar ta tudu.

Malam Filibus ya tafi garinsu hutun makaranta tun farkon Agusta, shekaranjiya ya dawo. Takardunka biyu suna cikin aljihun babbar rigata duk kwanakin nan. Ni ba na ba kowa takardata ya karanta sai shi, domin masu karatun garin nan kafin ka kai gida maganarka ta riga ka kasuwa. Jiya ya karanta min su a jere, ta farko sannan ta biyu.

To, na ji. Amma wa ya ce ka rubuta maganar da ta kai wannan nauyi a takarda, kana sane ba na karatu? Ɗanladi ba shi da baki? Da ka ce masa, "Gaya wa tsoho kada ya karta," ai da an wuce wurin. Ku 'yan boko in abu ya shiga takarda sai ku ɗauka ya shiga kunne.

Kuma ba da kurfi na yi ba, da basilla na yi, a hankali, ina bismilla. Na zauna a inuwa na shimfiɗa sabon buhu. Har wuri na nema inda babu 'yan ƙulle-ƙullen nan don kada in taɓa su. Shekara hamsin ina sa shaidar nan a jikin gora, wanda ya fi allonka taushi, bai taɓa yoyo ba. Wane irin kaya ne wannan da zane huɗu zai kashe shi? Ka tabbata sabo ne aka sayar maka? Wanda ya ce ƙwarya kuwa, ka gaya masa ƙwarya ta ciyar da uwarsa.

'Yar'azumi ta zo yau da safe da yaran, a jirgi suka ƙetaro. Ta ce ta kama shago kusa da tasha, ta sa an yi mata tebur. Ta ce, "Baba, yaushe kayan za su iso?" Na ce suna hanya. Ta ce, "Ka gansu? Suna da kyau?" Na ce na gansu. Sai na tashi na tafi duba komar kamun kifi, alhali babu abin da ya sami komar.

Ban gaya mata ba. Kai ma kada ka gaya mata. Ina da sauran jirgi guda, wanda nake fita da shi. Akwai mutumin da ya daɗe yana nema. Ka faɗa wa Ɗanladi da baki, da baki na ce, in kuɗin jirgi za su sayi wani allon.

Zarami

Ƙari daga mai rubutu: Fannami, ni ne Filibus. Wannan bai san na sa ba. In ya sayar da jirgin nan ba shi da abin ci bana. Ka duba abin da za ka iya.


Kano, 26 ga Satumba, 1998

Baba,

Na durƙusa ina gaisuwa, ka yafe zafin takardata ta baya. Allah ya mayar da alherin shinkafa. Na faɗa wa Ɗanladi da baki, ga shi kuma a rubuce: kada ka sayar da jirgi.

Na ari madubin mai gyaran agogo, na warware wayar tsohuwar rediyo na ciro silin jan ƙarfe. Kwana shida ina ɗinke hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya da dalma. Takwas sun kama, ta tara ta wahalar da ni, sai ranar Laraba gilashi ya kawo haske. Na bar ta a kunne yini uku ba ta ɗauke ba. Ba zan yi maka rantsuwa a kan shekarun da za ta yi ba, amma tana aiki.

Memorin da ka zana bai gyaru ba. Na mayar da farin akwatin na karɓo wani memorin a madadinsa. Saboda haka a tsohon akwatin nan za ta zo. Ka yi haƙuri, ko akwati ko aiki.

Akwai ƙunshi a cikin kwalin kwamfutar, naka ne. Na ba Umma labarin shaida, sai ta tashi ta buɗe adakar Baba Auta ta ɗauko shi. Fistin ɗinka ne, da takardar da ka mayar, har yau a liƙe. Umma ta ce fistin ɗin ya tsage, ba ya gyaruwa. Baba Auta ya san shekarar ba ka girbe komai ba, sai ya sayar da kekensa ya sa maka sabo, ya rubuto yana gaya maka. Ka duba tsagar da kyau. Daga zane na uku ta faro.

Injin da ka sayar bana, da ƙarfen Baba Auta ya yi shekara goma sha huɗu yana ba ka ruwa.

Ɗanka,
Fannami


Haɗejiya, 18 ga Oktoba, 1998

Fannami,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Umma. Gwiwa ta sa ni gaba amma na shigo Haɗejiya. Ruwa ya fara janyewa, kifi ya samu. Wannan takardar ba hannun Malam Filibus ba ne. Ina zaune a shagon 'Yar'azumi ina faɗa, tana dannawa, maganata tana fitowa a gilashi kamar tururuwa.

Akwatin nan mummuna ne. Na faɗa tun farko kuma ban janye ba. Launinsa kamar haƙorin mai cin goro. Firintan kuwa ƙararsa ta fi ta injin niƙa, mai shayin da ke gefe har ya zo ya yi ƙorafi, na ce ya matsa gaba. Makarantar sun kawo aikin ranar Litinin, ta gama na aji uku. Wani ma ya kawo takardar neman aiki, ya biya nan take.

Ta san komai yanzu. Ta buɗe gefen akwatin ta ga ɗinkinka a kan zanena. Ta ce, "Baba, ina basillar?" Na ce tana aljihuna. Ta ce, "Kawo." Yarinyar da na goya! Ta kulle ta a durowa, wai sai zan tafi. Na ce to a ina za a sa shaida, in ɓarawo ya ɗauka fa? Ta ba ni alli ta ce in zana a ƙasan tebur. Alli!

Fistin ɗin na duba. Nawa ne. Ƙarfen ne tun asali ba shi da ƙwari, in ba haka ba zane ba ya tsaga ƙarfe. Tana dariya, na ce ta rubuta haka nan.

Takardar Auta Malam Filibus ya karanta min. Layi biyar ce. A ƙarshe ya ce in kifi ya samu in aiko masa da bandar tarwaɗa, ita ce ladansa. Shekara da shekaru mutumin nan yana Kano, motar Ɗanladi tana zuwa duk mako. Ya san ba na karatu. Ya san halina tun muna yara muna iyo da gora ɗaya. Me ya hana shi ya tako da ƙafarsa ya kama ni da faɗa? Sai ya sayar da keke ya yi shiru, ya bar ni ina zaginsa a gaban mutane, har ya mutu ban je gaisuwa ba. Wannan wane irin wulaƙanci ne?

Na ce wa Ɗanladi ya ajiye min gidan gaba ranar Alhamis. Zan zo da kwandon bandar tarwaɗa, na Umma ne, ba naka ba. Ka gaya mata zan yi mata ta'aziyya, kada ta tsaya yi min dogon bayani. In mun gama ka raka ni maƙabarta ka nuna min inda yake, sannan ka koma bakin ƙofa ka jira. Zan yi masa addu'a. Bayan addu'ar akwai sauran magana tsakanina da shi, kuma ba a takarda zan yi ta ba.

Babanka,
Zarami